Sababi da Al'ada a Gaban Uwar Garken da Ta Tsaya

Daga cikin tambayoyin da malaman tauhidi suka daɗe suna juyawa akwai wadda ta shafi alaƙar abu da abin da ya biyo bayansa, wato ko zuwan na biyu a bayan na farko ya isa hujjar cewa na farkon ne ya haifar da shi, in kuwa bai isa ba, to da me ɗan Adam zai dogara wajen gane dalilan abubuwan da ke faruwa a gabansa. A karatun zaure ana buga wa wannan tambaya misali da wuta da ƙuna, da wuƙa da yanka, da abinci da ƙoshi, amma a wannan zamani ta sami sabon mazauni a ɗakin da ake ajiye uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai tana yi wa sauran kwamfutocin wuri hidima, wadda masu sana'ar suka fi kira saba. Sau da yawa akan ɗora wa irin wannan na'ura sabuwar manhaja da yamma, a wayi gari ta ƙi tashi, ko ta tashi amma sauran kwamfutoci su kasa ganinta, ko ta yi aiki na 'yan sa'o'i sannan ta ɗauke ba gargaɗi, kuma hukuncin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne abin da aka saka jiya ne ya lalata ta. Wannan hukunci wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci zalunci ne, kuma rarrabe tsakaninsu yana buƙatar irin tarbiyyar tunanin da malaman ƙasar nan suka gada tun kafin a san lantarki.

Al'amarin ya fi nauyi a garuruwa irin su Sabon Birni da Isa, da ke gabashin jihar Sakkwato daf da iyakar Nijar, a ƙasar da daular Gobir ta kafa birninta na Alƙalawa wanda ya faɗi a 1808, domin a nan kwamfuta mai ƙarfi ba a kowane ofis ake samunta ba, wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, janareta da sola ne ke ɗauke da mafi yawan aiki, ƙwararren mai gyara kuwa galibi yana birnin Sakkwato, tsakaninsa da na'urar akwai tafiyar sa'o'i a kan hanyoyin da rashin tsaro ya sa matafiya ke ɗar-ɗar da su, ko ta Goronyo ko ta dajin Gundumi. Wannan ƙarancin shi ne ke sa a nemi manhajar kwaikwayo, wato manhajar da ke sa kwamfuta guda ta ƙirƙiri wasu kwamfutoci a cikin kanta, kowace da tata babbar manhajar, kowace tana ganin kamar tana da masarrafa da ma'adana da hanyar sadarwa nata na kanta, alhali duka rabo ne da ake yankar mata daga na'ura ɗaya. Ana kiran na'urar ta ainihi mai masauki, waɗanda ke cikinta kuma baƙi. Ga wurin da batir da man janareta ba za su iya ɗaukar na'urori uku ba, ko wurin da tsohuwar manhajar lissafi ta ƙi gudana sai a kan tsohon Windows, wannan dabara rahama ce, don haka wanda ya saka ta bai yi wauta ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce, kamfanin IBM ya fara ta a manyan na'urorinsa tun a shekarun 1960, sai dai ba ta iso kwamfutocin talakawa ba sai da VMware ya fito da tasa a 1999, VirtualBox da KVM suka biyo baya a 2007, Hyper-V na Microsoft kuma a 2008, bayan Intel a 2005 da AMD a 2006 sun gina wa masarrafansu wani sashe na musamman domin wannan aiki.

Adalci ya wajabta a fara da cewa manhajar kwaikwayo tana iya zama mai laifi da gaske, domin ba kamar manhajar rubutu ko ta kallon hoto take ba, waɗanda ke zaune a gefe. Tana shigar da wasu sassanta cikin zuciyar babbar manhaja, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura, kuma idan sassan nan ba su dace da zubin zuciyar da ke wurin ba, ko tsarin tsaron da ake kira Secure Boot ya ƙi su saboda ba su da sa hannun da ya amince da shi, sai baƙi su ƙi tashi. Idan an tara manhajojin kwaikwayo biyu a na'ura ɗaya, kamar KVM da VirtualBox, ko Hyper-V da wata, sukan yi rububin wannan sashe na musamman da ke cikin masarrafa, wadda ta riga ta riƙe, ɗayar ta tsaya ko ta koma tafiyar hawainiya. Ta fuskar sadarwa ɓarnar ta fi yawa, saboda manhajar tana ƙirƙirar katunan sadarwa na kwaikwayo, tana gina gada tsakaninsu da katin ainihi, tana taɓa dokokin katangar tsaro, tana kuma zaɓar wa kanta jerin adireshi. VirtualBox ya saba ɗaukar jerin da ya fara da 192.168.56, kayan aikin da ke tafiya da KVM kuma 192.168.122, kuma idan aka yi rashin sa'a ofishin yana amfani da jeri iri ɗaya, saƙonni sai su riƙa shiga ƙofar da ba tasu ba. Haka nan idan aka yi wa baƙi alkawarin ma'adanar wucin gadi fiye da abin da mai masauki ke da shi, babbar manhajar Linux tana da tsarin da ke kashe wani aiki domin ta tsira, kuma sau da yawa wanda hannunta ke faɗawa kansa shi ne rumbun bayanan da aka sayi na'urar dominsa, tunda shi ne ya fi kowa cin wuri.

Amma akwai wani rukunin matsaloli da sabuwar manhaja ba ta da hannu a cikinsu face ta zo a ranar da suka bayyana. Saka ta yakan buƙaci a kashe na'ura a sake kunnawa, kuma uwar garken da ta yi watanni tana aiki ba hutawa tana iya ɗauke da cututtukan da ba sa nuna kansu sai a lokacin tashi. Wani ya canja wani saiti tun kafin azumi, canjin bai fara aiki ba sai yau. Ɗan ƙaramin batirin da ke kan allon na'ura, mai kama da kwabo, wanda ke riƙe da agogo da saitin farko, ya mutu tuntuni ba wanda ya sani, da aka zare wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, takardun shaidar tsaro suka zama kamar lokacinsu bai zo ba, shafuka suka ƙi buɗuwa, saitin da ke ba masarrafa izinin karɓar baƙi shi ma ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Faifan ajiya da ya tsufa yana iya ci gaba da juyawa muddin bai tsaya ba, ranar da ya tsaya kuwa ya tsaya ke nan. A kan wannan sai a ƙara yanayin ƙasar Gobir, inda ƙurar hunturu ke cika ramukan shan iska ta daskare a kan fanka, sannan bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, na'urar da a da take aiki da kaɗan daga ƙarfinta yanzu tana ɗauke da baƙi biyu, zafinta ya ƙaru, wutar da take ja ta ƙaru, batiran inbata da suka riga suka gaji suka daina kai ta asuba. A irin wannan hali ne karin maganar nan ke tabbata, ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa.

Malamin da ya fi kowa tasiri a kan yadda Afirka ta Yamma ta karanta wannan mas'ala shi ne Muhammadu ɗan Yusufu as-Sanusi, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 1490, kuma ƙaramin littafinsa na aƙida, Ummul Barahina, ya bazu a makarantun zaure har aka yi masa sharhi da Fulatanci aka riƙa haddace shi. Yaɗuwar karatun ta kai ga wasu ɗalibai suka wuce gona da iri suna kafirta talakan da bai iya kawo hujjojin ilmin kalami ba, abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya yi rubuce-rubuce da dama yana yaƙa, ba tare da ya bar tafarkin Ash'ariyya da littafin ke kai ba. A cikin Muƙaddimarsa, as-Sanusi ya kasa hukunci gida uku. Hukuncin shari'a shi ne wanda ake sani ta hanyar maganar Mai shari'a, kamar wajabcin salla. Hukuncin hankali shi ne wanda ake sani ba tare da jiran gwaji ko nassi ba, kamar cewa ɗaya rabin biyu ne, kuma ba ya yiwuwa ya saɓa. Hukuncin al'ada kuwa shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu, a samuwarsu ko a rashinsu, saboda an ga suna maimaituwa tare, da sharaɗin a riƙe cewa alaƙar tana iya saɓawa, kuma ɗayansu ba shi ne mai tasiri na haƙiƙa a kan ɗayan ba, mai tasirin shi ne Allah Shi kaɗai. Tushen wannan magana yana komawa ga Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, wanda ya kafa hujja da cewa idon da ya ga auduga ta ƙone yayin haɗuwarta da wuta bai ga komai ba sai haɗuwa da ƙuna a lokaci guda, bai ga wata igiyar dole da ta ɗaure su ba.

Ba a bar wannan ra'ayi ba martani. Ibn Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya ce musun tasirin sababai yana kai wa ga musun ilmi gaba ɗayansa, domin sanin abu shi ne sanin dalilansa, kuma wanda ya ce babu dole tsakanin wuta da ƙuna ya rushe gadar da hankali ke bi daga sananne zuwa wanda ba a sani ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, wanda karatunsa ke da mabiya masu yawa a garuruwan nan a yau, ya tafi a kan cewa Allah Ya halicci sababai tare da ƙarfin da Ya sanya a cikinsu, wuta tana ƙonawa da gaske da izininSa, sai dai babu sababin da ke cin gashin kansa, kowane yana buƙatar mataimaka da kuma rashin abin da zai hana shi. Tsoron Ibn Rushdi ba na banza ba ne, duk wanda ya taɓa jin an rufe bincike da cewa haka Allah Ya ƙaddara ya san abin da malamin yake gudu. Maganar gaskiya ce, amma idan aka faɗe ta a gaban uwar garken da ta mutu da bayanan marasa lafiya ko albashin ma'aikata a cikinta, da nufin kada a tambayi wa ya yi me, an mai da gaskiya mayafin sakaci. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba, ya kuma bayyana wa sahabban da suka yi masa tambaya cewa juyawar ita ma cikin ƙaddara take.

Sai dai wanda ya natsu ya karanta bayanin as-Sanusi zai ga cewa bai buɗe wa malalaci ƙofa ba, hasali ma ya ɗora wa mai bincike nauyi biyu. Na farko, tunda alaƙar al'ada ba a saninta sai ta maimaituwa, babu wanda zai zauna a kujera ya yanke hukunci da hankalinsa kawai cewa manhajar jiya ce ta kashe na'ura; aukuwa ɗaya ba al'ada ba ce, dole ne ya tashi ya gwada. Na biyu, tunda alaƙar tana iya saɓawa, wanda ya ga matsala iri ɗaya sau da yawa ta fito daga wuri ɗaya ba shi da ikon rantsuwa cewa ta yau ma daga can take. Malaman wannan tafarki sun ambaci wani mutum da ya yarda Allah ne mai tasiri amma ya ɗauka alaƙar sababi da sakamako ba ta taɓa warwarewa, suka kira shi jahili, kuma wannan shi ne ainihin ciwon ƙwararren da ya daɗe a sana'a, wanda sabo ya sa ya daina dubawa. A wannan gaɓa mabiyin as-Sanusi da mabiyin Ibn Taimiyya za su yi aiki iri ɗaya a gaban na'ura ɗaya, saɓaninsu yana kan abin da ke bayan labule, amma dukansu sun yarda cewa sakamako ba ya rataye a wuyan abu guda har abada.

Kayan aikin da suka fi dacewa da hannun mai gyara kuwa suna cikin ilmin usulul fiƙhi, wato ilmin ƙa'idojin ciro hukunci, inda malamai irin su al-Ƙarafi na Masar, wanda ya rasu a 1285, suka tsefe bambanci tsakanin sababi da sharaɗi da mani'i. Sababi shi ne abin da samuwarsa ke jawo samuwar hukunci, rashinsa ke jawo rashinsa. Sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke hana hukunci, amma samuwarsa kaɗai ba ta kawo shi. Mani'i, wato mai hanawa, shi ne abin da samuwarsa ke toshe hukunci ko da sababi da sharaɗi sun cika. A babin zakkar kuɗi, mallakar nisabi sababi ce, cikar shekara sharaɗi ne, bashi kuma mani'i ne. Idan baƙuwar kwamfuta ta ƙi tashi, waɗannan tambayoyi uku ne mabambanta da ya kamata a yi su ɗaya bayan ɗaya: ko umarnin tashi ya isa wurinta, ko saitin masarrafa da ke ba da izinin karɓar baƙi yana kunne, ko kuma wata manhajar ce ta riga ta riƙe wurin. Wanda ya cakuɗa su zai yi ta sake saka manhaja yana neman sababin da bai ɓata ba, alhali sharaɗi ne ya faɗi. Wanda kuma ya fahimce su zai gane cewa a na'urar da zafi ya kashe, nauyin da baƙi suka ƙara da ƙurar da ta toshe iska da fankar da ta gaji kowane yana da matsayinsa, kuma cire manhajar zai kwantar da ciwon na ɗan lokaci ne, har ranar da wani nauyin zai zo.

Malaman usulu sun kuma tsara hanyoyin gano illa, wato siffar da hukunci ke rataye da ita. Ɗaya ita ce sabru da taƙsimi, a jero duk siffofin da ake zato, a bi su ɗaya-ɗaya ana zubar da wadda ba ta tsaya ba, har a bar wadda ta rage. Kuma sun yi gargaɗi cewa ƙarfin sakamakon yana gwargwadon cikar jerin ne, wanda ya manta da batirin agogo a lissafinsa ba zai taɓa isa gare shi ba komai kyan tacewarsa. Ta biyu ita ce dawarani, wato a ga hukunci yana zuwa idan siffa ta zo yana tafiya idan ta tafi, kamar ruwan inabi da yake halal, ya haramta da ya zama mai sa maye, ya koma halal da ya juye ya zama khal. Wannan shi ne abin da mai gyara ke yi idan ya kashe sassan manhajar ya ga na'ura ta warke, ya mayar da su ya ga ciwon ya dawo, yana canja abu guda a kowane gwaji, yana karanta kundin da na'ura ke rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru. Baturen Ingila John Stuart Mill ya jera hanyoyi masu kama da waɗannan a littafinsa na mantiƙi a 1843. Abin lura shi ne mafi yawan malaman usulu sun ce dawarani rinjayen zato yake bayarwa, ba yaƙini ba, domin mai yiwuwa ne wani abu na uku yana tafiya tare da siffar a ɓoye, kuma wannan tawali'u ya fi dacewa da sana'ar fiye da bugun ƙirjin da ake yi wa mai kaya cewa an gano komai. Misali, hukumar JAMB, wadda jarrabawarta ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ta amsa a watan Mayu na 2025 cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas ya sami tangarɗa, saboda wani gyaran manhaja ya isa wasu sabobi bai isa wasu yadda ya kamata ba, kuma kwatanta wuraren da gyaran ya kai da waɗanda bai kai ba shi ne ya sa maganar ta fita daga zargi ta shiga hujja.

Manhajar kwaikwayo tana ba mai bincike wata dama da rayuwa ba ta bayarwa, ita ce ɗaukar hoton halin da baƙuwa take ciki a wani lokaci, ta yadda za a iya mayar da ita can a sake gwaji daga farko, sau nawa aka ga dama. Al'umma ba ta da irin wannan hoto. A watan Satumba na 2021, bayan an rufe layukan waya a Zamfara, gwamnatin Sakkwato ta sa aka rufe su a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Sabon Birni da Isa, bisa hujjar cewa 'yan bindiga da masu kai musu labari suna dogara da waya. Wannan gwaji ne na cire abu guda a ga ko ciwo zai tafi, kuma niyyar da ke bayansa ba abin zargi ba ce, amma an yi shi a lokaci guda da rufe wasu kasuwanni da taƙaita sayar da mai, a yankin da sabis na Nijar ke tsallako iyaka, sannan an kai mummunan hari kasuwar Goronyo a watan Oktoba na wannan shekara layukan suna rufe. Babu wanda zai iya mayar da watannin nan baya ya sake su da waya a buɗe domin ya kwatanta, kuma wayar da ake zargi ita ce kuma abin da ɗan ƙauye ke kiran agaji da shi, ɗan kasuwa ke karɓar kuɗi da shi. Inda gwaji ba ya maimaituwa, kuma mutane ne ke biyan kuɗinsa da jikinsu, hukuncin al'ada yana da rauni ƙwarai, kuma ya kamata mai yanke shi ya san haka kafin ya yanke.

Akwai wani kwatanci da ke jan hankalin matasan da suka haɗa karatun tauhidi da na kwamfuta, wato cewa baƙuwar kwamfuta tana ganin faifai da agogo da kati tana zaton su ne ke yi mata aiki, alhali faifan nata fayil ne kawai a wurin mai masauki, don haka halinta ya yi kama da na bawa da ke ganin sababai bai ga Mai sabbabawa ba. Wani masanin falsafa na Oxford, Nick Bostrom, ya kai irin wannan tunani nesa a 2003, inda ya tattauna yiwuwar duniyar mutane kanta kwaikwayo ce a cikin wata na'ura. Bai kamata a karɓi kwatancin ba, ta fuskar aƙida da ta fuskar fasaha. Mai masauki jinsinsa ɗaya da baƙo, yana buƙatar wuta, yana jin zafi, yana da iyaka, ƙura tana kashe shi, alhali daga cikin siffofin da ɗalibin Ummul Barahina ke fara haddacewa akwai saɓawar Allah ga dukkan fararru da tsayuwarSa da kanSa ba tare da buƙatar komai ba. Sannan tun a 1974 masana biyu, Popek da Goldberg, suka sanya cikin sharuɗɗan ingantacciyar manhajar kwaikwayo cewa mafi yawan umarnin baƙo su riƙa gudana kai tsaye a kan masarrafa ba tare da ta sa baki ba, ma'ana nagartarta tana cikin janye hannunta ne, wanda shi ne kishiyar abin da Ash'ariyya ke faɗa game da ikon da ba ya rabuwa da halitta ko da ƙiftawar ido. Abin da za a iya ɗauka daga halin baƙuwa ya fi wannan ƙanƙanta kuma ya fi amfani, shi ne kundinta ba ya iya ba da labarin abin da ya fi ƙarfin ganinta. Za ta rubuta cewa faifai ya yi jinkiri ko agogo ya yi tsalle, amma dalilin yana wurin mai masauki, kuma sai an fita an duba can.

Tambayar sababi ba ta tsayawa a tunani, tana gangarowa zuwa wa zai biya. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta alƙalan wannan yanki tun zamanin daular Sakkwato, ta shahara da ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su suka tafi da shi inda mai shi ba ya gani, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, kuma dalilin malamai shi ne maslahar jama'a, domin mutane ba su da makawa daga masu sana'a, kuma da an bar maganarsu ta zama hujja da dukiyoyi sun salwanta. Idan an sami shaidar cewa kayan ya halaka ba da hannunsa ba, lamunin ya faɗi. Idan kuma ya yi aikin ne a gidan mai kaya ko a gabansa, ba a kama shi sai da ƙetare iyaka ko sakaci. Mai gyaran da aka ɗauko daga Sakkwato ya yi aiki a ofishin mai na'ura a Isa ko Sabon Birni ya fi kusa da wannan hali na biyu, don haka shari'arsa tana komawa ga abin da masu sana'ar suka sani a matsayin kiyayewa: ko ya kwafi bayanan ya ajiye a wani wuri kafin ya taɓa komai, ko ya rubuta kowane canji da lokacinsa, ko ya duba zafin na'ura da ƙarfin batira kafin ya ƙara mata nauyi, ko kuma ya kashe ta ya kunna sau ɗaya a gaban mai ita kafin ya saka manhajar, domin a ga ko tana tashi lafiya da kanta. Wanda ya yi wannan na ƙarshen ya raba tsohuwar cuta da sabon aiki tun kafin a yi jayayya, wanda kuwa ya tsallake shi ya haɗa abubuwa biyu a cikin kunnawa ɗaya, kuma bayan na'urar ta ƙi tashi babu alƙali ko injiniyan da zai iya raba su sai da zato.